Tarihin Salansa: Daga Motocin Tseren Amurka Zuwa Garejin Gidan Rumji

Yau tarihin wani ƙarfe za mu ɗauko, wanda kullum muna jin muryarshi amma ba kasafai muke sunkuyawa mu dube shi ba. Salansa ke nan, bututun da hayaƙin mota ko na babur ke bi ya fita waje. Wani zai ce, mi ke akwai na tarihi ga bututun hayaƙi? To a yi haƙuri a biyo mu, don zancen ya taɓa aljihunmu, ya taɓa lafiyarmu, har ma da barcin tsofaffinmu.

Dalilin ɗauko zancen shi ne abin da kowa ke gani yanzu. Samarinmu na kallon bidiyo a waya, inda Amurkawa ke tada tsofaffin motoci masu faɗin goshi, injin na ruri kamar hadari ya taso daga gabas, wani lokaci har wuta na tartsatsi daga bututu. Daga nan sai yaro ya kai baburinshi wurin mai walda, ya ce a huda salansa a zare abin da ke ciki, wai don babur ya ƙara gudu. Direban tsohuwar mota shi ma in salansarshi ta ɓalle sai ya ƙyale ta, ya ce ai haka mota ta fi numfashi. Akwai ƙanshin gaskiya cikin maganar, akwai kuma kuskure babba. Kafin a rabe su sai an san yadda inji ke numfashi, da kuma inda al'adar ta samo asali.

Injin esansi da muke amfani da shi, aikinshi hawa huɗu ne, bisa tsarin da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya kammala a 1876. Ya zuƙi iska da mai, ya matse su, buji ya kunna wuta su fashe su tura fistin ƙasa, sannan fistin ya taso ya kore hayaƙin waje. In hayaƙin bai fita sarai ba, sabuwar iska ba ta samun wurin shiga, kamar mai son ƙara kurɓar fura bai haɗiye wadda ke bakinshi ba. Kowace silinda tana da ƙofarta ta fitar hayaƙi a jikin kan inji, wanda makanikai ke ce ma kulas. A motocin da kamfani ke fitarwa, ana ɗaure wani dunƙulallen ƙarfe na zubi bisa ƙofofin duka, ya tattara hayaƙin wuri guda. Shi ne masu faransanci ke kira kolektar. Yana da arha, yana da ƙarko, yana ɓoye zafi da ƙara, sai dai hanyoyin cikinshi gajeru ne, hayaƙin wannan silinda na karo da na waccan. Daga kolektar hayaƙi ya bi dogon bututu ya shiga tukunyar salansa, inda anka yi ɗakuna da bututai masu huji-huji don ƙarar ta mutu kafin ta fito.

Bayan yaƙin duniya na biyu samarin Amurka, musamman na jihar Kalifoniya, sun shiga tseren motoci bisa miƙaƙƙiyar hanya. A 1951 wani mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a ɗauke tseren daga titunan gari a mai da shi fili na musamman, inda motoci biyu ke karawa bisa tazarar da ba ta wuce wajen mita 400 ba. A irin wannan tsere ƙiftawar ido ke raba mai nasara da wanda anka kada, don haka kowa na neman inda zai tatso ƙarin ƙarfi daga inji. Sai sunka koma ma kolektar. A kwance shi a ajiye, a ba kowace silinda bututunta na kanta mai santsin ciki, a lanƙwasa su ta yadda tsawonsu zai zo ɗaya, sannan su haɗu can ƙasa cikin baki guda. Waɗannan bututai masu rassa su Amurkawa ke kira hedas.

Hikimar abin ita ce, hayaƙi ba ya fita kamar ruwan famfo, fita yake bugu-bugu. Duk bugun da ya wuce da gudu yana barin wani ɗan jan iska a bayanshi, kamar yadda babbar mota in ta wuce ka a guje take jan ƙura da ganye su bi ta. In an auna tsawo da faɗin bututan daidai, wannan jan zai iso ƙofar silindar da ke biye a lokacin da ta buɗe, ya taya ta zuƙe hayaƙinta. Ƙananan masana'antu irin su Hedman da Hooker da wannan sana'a sunka yi suna a shekarun 1950 da 1960.

Da kamfanonin Detroit sunka ga samari na zuba kuɗi cikin gudu, su ma sai sunka shigo kasuwar. A 1964 Pontiac ya ɗauki injin babbar mota mai silinda 8 da girman lita 6.4, mai ƙarfin doki 325, ya dasa shi cikin matsakaiciyar mota ya sa mata suna GTO. A watan Afrilu na wannan shekara Ford ya fitar da Mustang, a 1966 Dodge ya fitar da Charger, Chevrolet ya biyo da Camaro. A 1970 har an yi Chevelle mai injin lita 7.4 da doki 450. Su ne ake ma laƙabi da motoci masu ƙwanji. Don a gane girman abin, injin Peugeot 404 da ya ɗauki kakanninmu kasuwa lita 1.6 ne, silinda 4. Ke nan injin Chevelle guda ya haura na 404 huɗu a haɗe. Kuma a tsakiyar shekarun 1960 galan ɗin esansi, kusan lita 4, santi 30 ne da ƴan kai a Amurka. Wanda kuɗin mai bai dama ba, shi ke wasa da irin wannan inji.

Har yau masu sha'awar waɗannan tsofaffin motoci suna ɗaura musu hedas, kuma aikin ba na gaggawa ba ne. Sai inji ya huce sarai, a cire kan batir, a ɗora mota bisa tsayayyun ƙafafun ƙarfe, ba bisa jak kaɗai ba. Kusoshin da sunka shekara hamsin suna shan wuta sai an jiƙa su da mai tun jajibiri, don in ɗaya ya karye cikin kulas, aikin yini ya koma na mako. A kankare fuskar kulas ta yi fes, a sa sabon gaskit, wanda namu makanikan ke ce ma juwan. Zura bututan kanshi rigima ce, sau da yawa ta ƙasa ake bi, wani lokaci sai an kwance sitata ko an ɗan ɗaga inji saboda sandar sitiyari na tare hanya. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku a sake bin su.

Sannan ga matsalar zafi. Hayaƙi kusa da inji na haura digiri 600, siririn bututu kuwa ba ya ɓoye zafi kamar ƙarfen zubi, sai ka ga wayoyin buji sun narke, sitata ta gaji, in ba a kare su ba. Abu na ƙarshe shi ya fi muhimmanci: tunda iskar da ke ratsa inji ta ƙaru, dole a sake daidaita kafireto ya ƙara mai, in ba haka ba inji ya riƙa aiki da yunwa, zafi ya yi mishi yawa, ya ƙone bawul. A nan muke so samarinmu su kasa kunne. Masu hawa waɗannan motoci bisa titi, bayan sun ɗaura hedas suna mai da tukunyar salansa wurinta. Ƙarin ƙarfin daga awon bututu yake fitowa, kuma galibi sai inji na juyawa da sauri ƙwarai ake jin shi. Bututu tsirara na filin tsere ne, inda mota ke gudun ƴan daƙiƙoƙi a kashe ta.

Zamanin motoci masu ƙwanji bai yi tsawon rai ba. A 1970 Amurka ta ƙarfafa dokar tsabtar iska, kamfanonin inshora kuma sunka tsawwala kuɗi bisa masu irin waɗannan motoci saboda yawan haɗari. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sunka tsuke bakin famfo, farashi ya tashi, anka riƙa jerin gwano a gidajen mai. Daga 1975 akasarin sabbin motocin Amurka da tukunyar tace hayaƙi suke fitowa, wadda muke ce ma katalizer. Injuna sunka ƙanƙance, tsofaffin kuwa sunka zama kayan ajiya na masu hali, ana fito da su ranar biki.

To mu dawo gida. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda 8, masu sarƙa a baya maimakon taya, ya taso daga Colomb-Béchar a ƙasar Aljeriya, ya keta Sahara, ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, ya nufi tafkin Cadi. A lokacin mota abin kallo ce, ta Nasara ce, talaka kuwa jaki da raƙumi da takarkari ya sani. Abin da ya zaunar da mota a ƙasarmu gujiya ce, wadda ƴan Kano ke ce ma gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, gujiyar Maraɗi da Tasawa kuwa sai ta kai bakin jirgi kafin ta ga teku. Da farko dabbobi ke ɗauka, daga baya manyan motoci sunka karɓe aikin. A shekarun 1950 Faransawa sunka karkata wani kaso na kayan ya bi ta Paraku zuwa Kwatano, bayan mulkin kai kuma anka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikin gujiya. Ƴan kasuwar da sunka yi ƙarfi da wannan ciniki sunka shiga sayen motoci na kansu. Su ne alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu, Les Alhazai de Maradi, wanda ya fito a 1986.

Motocin wancan zamani, Berliet da Saviem da Mercedes da Land Rover da ƙaramar Renault da ake ce ma mil kilo, hanyar jan ƙasa mai gargada suke bi, da rairayi, da kwazazzabai in damina ta faɗi. Duk direban da ya yi wannan zamani zai gaya maka abin da gargada ke fara ci a jikin mota: sifirin da salansa. Girgiza ta katse maratayin roba, bututu ya riƙa lilo har ya tsage a wuya, ko tudun tsakiyar hanya ya daki tukunya ya ɓalle ta. Wannan ita ce matsalar da ta haifi sana'ar gyaran salansa a wurinmu. Bature na neman ƙarin gudu, mu kuwa muna neman mota ta kai kasuwa ta dawo.

Motar da ta shiga rayuwar talaka sosai ita ce Peugeot, ko Fijo a bakinmu. An fara ƙera 404 a 1960, kat-san-kat in ji direbobi, sannan 504 ta biyo a 1968. Ƙarkonsu ba zancen baki ba ne, don 404 ta ci babban tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, ita ma 504 ta ci a 1975. A wurinmu 404 bashe, mai tamfol a baya, ita ce motar kasuwa: buhunan hatsi a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a sama, aparanti na maƙale a baya. Mai dogon baya kuwa ita ce tasi tsakanin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya da ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri da Agiye da Gazawa. Injinsu mai sauƙin gyara ne, babu kwamfuta, babu waya barkatai. Makanike mai sifana goma da kunne mai kyau zai iya tada shi a gindin gawo.

A duba yadda tarihi ya zo daidai. Shekarun da motoci masu ƙwanji sunka mutu a Amurka, su ne shekarun da gujiyarmu ta durƙushe. Farin 1973 da 1974 ya cinye gonaki da dabbobi, a 1975 kuma cuta ta faɗa ma gujiya a Nijar da arewacin Najeriya. Amma tashin farashin man da ya kashe kasuwar waɗancan motoci, shi ya cika Najeriya da kuɗi. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci, ta ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Alhazan Maraɗi sunka juya ga cinikin iyaka, kayan gyaran Fijo kuwa sunka wadata a Kano da Katsina, suna shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. A shekarun 1980 kuma ga samarin Turawa na tuko tsofaffin Fijo daga Faransa da Jamus, su keto Sahara ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Rikicin Aljeriya da tawayen arewa ne sunka rufe wannan hanya a farkon shekarun 1990.

Wadatar kayan gyara ba ta ɗore ba. Daga Afrilun 1984 zuwa Maris na 1986 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kowa ya ji a jikinshi. A watan Janairun 1994 anka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, wato sabon kayan gyara daga Turai kuɗinshi ya ninka cikin dare guda. Nan ne mai walda ya zama likitan mota.

Ya kamata a yaba ma waɗannan bayin Allah, don abin da suke yi ilimi ne ko da ba a lakwal anka koye shi ba. Ƙasarmu ta maƙera ce tun kaka da kakanni, kuma har gobe da karyayyen sifirin ɗin mota ake ƙera wuƙa da gatari. Mai walda na salansa magajin wannan gida ne, wuta kawai ya canza. Da dutsen karbir yake aiki, wanda ake jiƙawa da ruwa ya ba da iska mai ci da wuta, a haɗa ta da tulun iska a samu harshe mai narka ƙarfe. In tukunya ta ruɓe, ya yanko falle daga tsohuwar tano ko ƙofar mataccen mota, ya naɗe, ya sa mata ɗakuna a ciki ya rufe. In zai lanƙwasa bututu ba shi da injin lanƙwasa, sai ya cika shi da busasshen rairayi ya toshe baki biyu, ya gasa wurin ya yi ja, ya tanƙwara a hankali. Rairayin ne ke hana bututun ya lotse ya tsuke hanyar hayaƙi. Sharaɗin shi ne rairayin ya bushe ƙayau, don mai danshi na iya fashewa in ya ji wuta. In kolektar ya tsage, gwani ya san ƙarfen zubi ba ya son gaggawa: a ɗumama shi duka kafin a liƙe, a binne shi cikin toka ko rairayi ya huce sannu, in ba haka ba ya sake tsagewa kusa da ɗinkin. Kuma su ne sunka koyi ɗage tukunya sama ta ɓuya bayan ƙarfen gindin mota, don kada tudun hanya ya same ta. Masu walda na Kalifoniya da na bakin tashar Gidan Rumji hannu ɗaya gare su, buƙata ce ta bambanta.

Daga shekarun 1990 tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta zama babbar ƙofar tsofaffin motocin Turai, wasu su tsaya Nijar, da yawa su zarce Najeriya ta iyakokinmu. Toyota ta ture Fijo, Hiace ta karɓe tasha. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Waɗannan motoci sun zo da sabon abu a bututunsu, wato katalizer, wanda Turai ta wajabta a farkon shekarun 1990. Cikinshi kamar saƙar zuma yake, an shafe shi da ƴan ƙarafa masu tsadar gaske, falatinam da faladiyam da rodiyam, su ke juya guba ta koma hayaƙi mai sauƙin cutarwa.

A farko akwai dalilin da ya sa ake cire shi. Esansin wancan lokaci yana da dalma a ciki, dalma kuwa na kashe katalizer har ya toshe ya shaƙe mota. Amma tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara sunka daina sayar da esansi mai dalma. Abin da ya rage yanzu ciniki ne. Akwai masu bi gareji-gareji suna sayen cikin katalizer saboda ƙarafan nan, kuma mota da yawa tun kafin ta iso hannun mai saye an riga an kwashe nata an liƙe fanko. Mai saye ya biya kuɗin cikakkiyar mota, ya samu mai fitar da guba. Ga shi kuma motocin yanzu suna da ƴar na'ura a jikin bututu da ke gaya ma kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. In anka lalata ta wajen yanke-yanke, sai mota ta shiga shan mai babu dalili, a lokacin da kowa ya san yadda litar esansi ta koma tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023. Duk mai sayen mota ya sa makaniken da ya yarda da shi ya shiga ƙasa ya duba ko an taɓa yanka tukunyar an sake liƙewa.

Yanzu sai babur, wanda ya zama jakin wannan zamani. Baburan Sin da na Indiya da ƴan kabu-kabu ke hawa, injinsu ƙarami ne, silinda ɗaya. Ke nan matsalar da hedas ke magani, ta karon hayaƙin wannan silinda da na maƙwabciyarta, babu ita ma sam. Kamfani ya riga ya auna bututu da tukunya daidai da kafireto. In ka zare cikin salansa ba ka taɓa kafireto ba, sau da yawa ƙarfin ja na tashin farko ne ke raguwa, wanda shi kake buƙata cikin rairayi da buhu biyu a baya. Inji ya ƙara zafi, bawul ya gaji da wuri, in ka saki totur ya riƙa harbi tau-tau. Kunne ke ruɗin mai shi, ya ji ƙara ya ɗauka gudu ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kunnen ma ba ya tsira, don masana kiwon lafiya sun daɗe da nuna cewa wuni cikin ƙarar da ta haura desibel 85 na rage ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ga tartsatsin wuta daga buɗaɗɗen bututu, a ƙasar da bayan kaka kara da busasshiyar ciyawa ke ko'ina.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda mai bidiyon Amurka bai san da shi ba. Tun 2019 dubban ƴan uwanmu daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka tsallako ƙasar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, kuma Cadakori na cikin garuruwa ukun da anka tsugunar da su, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Kowa ya san bisa babura maharan ke zuwa. Matar da ta taɓa kwasar ƴaƴanta ta faɗa daji cikin dare, in ta ji babur na ruri yana harbi bayan isha'i, ba wasan samari take ji ba. Tsoho mai hawan jini haka, ƴan sintirin gari haka. Yaron da ke ganin burgewa yake yi, ya sani yana iya tada gari tsaye, kuma cikin ruɗani irin wannan shi kanshi yana iya jin ciwo kafin a gane ɗan gida ne.

Haɗarin da ya fi duka kuwa shiru yake zuwa. Cikin hayaƙin esansi akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, likitoci na ce mata kabon monoksaid. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, ta hana jiki samun numfashi. In bututu ya huje a ƙarƙashin mota, ga daɓen mota ya ruɓe, ga gilashi a rufe saboda sanyin hunturu ko ƙura, gubar cikin mota take taruwa. A Hiace injin ma ƙarƙashin kujerar gaba yake. Motar da ke tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda lodi, ita ma tana janyo hayaƙinta ciki. Alamun su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi, kuma yara ƙanana da masu ciki sun fi saurin kamuwa. In fasinjoji da yawa sunka fara kukan ciwon kai lokaci guda, direba ya tsaya, a buɗe ƙofofi, a fitar da kowa sarari, wanda ya galabaita a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Kada a kwana cikin mota inji na aiki, kada a tada janareta cikin ɗaki ko shago a rufe, don gubar ɗaya ce.

Gane yoyon hayaƙi ba shi da wuya. Da safe in an tada mota da sanyi, a saurari wata ƴar ƙara cak-cak-cak daga wajen kulas wadda ke raguwa in inji ya yi zafi. A duba baƙin tabo na kunkunniya a mahaɗar bututai. A girgiza wutsiyar salansa da hannu in ta huce, in tana lilo maratayi ya katse. Kuɗin roba da ɗinkin walda kaɗan ne in an gwada da kuɗin sabon kulas, balle ran mutum.

Kiranmu ga shugabannin tasha da na ƴan kabu-kabu shi ne su sa duba salansa cikin sharuɗɗan ɗaukar fasinja, kamar yadda ake duba birki da taya. Iyayenmu masu walda, ku da kunka riƙe motocin ƙasar nan da rai shekara da shekaru, in yaro ya kawo babur a huda mishi, ku zaunar da shi ku gaya mishi abin da zai biyo baya, ko da za ku rasa ɗari biyar ɗin aikin. Samari masu son inji kuwa, sha'awarku abu ne mai kyau, ku kai ta gareji ku koyi awo da daidaita kafireto da walda, don gobe ku ne za ku gaji sana'ar. Dattawan direbobi da sunka ja 404 bashe suna nan da ransu a garuruwanmu, a je a zauna da su a ji yadda sunka yi, tun ba su tafi da labarin ba.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya sa albarka ga sana'ar kowa.